Sista Saudatu, Mai Tambayar Alwala

Kullum kafin ƙarfe takwas Sista Saudatu Lado ta riga ta iso ɗan asibitin unguwarmu a nan Gummi. Da ƙafa take zuwa, baƙar jaka a hammata, takalmin roba, ko rani ko damina. Ba ta zama. Za ta hura gawayi ta ɗora tukunya ta tafasa ƙarafunan da take duba mata da su, ta goge gado, ta haska tocila a tafin hannunta ta ga ko batir na da rai, ta ajiye kwalbar ruwan khal, ruwan tsamin nan da ake kira binega, kusa da auduga. Sannan ta fito baranda inda mata ke jiran awo da allurar jarirai.

Ba masu ciki da masu goyo take nema ba, su suna da masu duba su. Ita 'yan rakiya take nema. Kakanni da surukai da gwaggonni, waɗanda suka zo riƙe jariri kawai, suna can ƙarshen benci suna ganin babu ruwansu da asibiti. Za ta zauna kusa da ɗaya, ta karɓi jaririn ta yi masa wasa, su taɓa hirar shinkafar fadama, sai ta rage murya.

"Iya, in tambaye ki mana. Alwala guda tana kai ki daga azahar hal la'asar?"

Na sha ganin wannan da idona. Wata za ta kwashe da dariya ta ce, "Ke Sista, in dai ban ci wake ba, hal isha'i tana kai ni." A yi dariya a wuce. Wata kuwa sai ta gyara lulluɓi, ta dubi ƙasa. To wannan ita Sista za ta kama wa hannu su shiga ciki.

Shekara talatin da biyar ke nan tana aiki, tsakanin Anka da Bukkuyum da nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye. Ban ji ana shirya mata ko taron shan lemo ba. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a makaranta sai malami ya kira sunana sau biyu kafin in buɗe baki. Amma raina a ɓace yake, kuma abin da ke cikina ba zai fito ta baki ba, shi ya sa na rubuta.

Sai na faɗi ko ni wace ce kafin ku gane dalilin wannan tambaya ta alwala. Sunana Naja'atu, ɗiyar Malam Zakariyya mai karantarwa a zaure. A garinmu mace ba ta iya tsayawa gaban Malam ta yi tambayar jini. Sai ta shigo cikin gida ta faɗa wa matarsa, matar ta kai. Tun da na gama sakandare Inna ta bar mini wannan aikin. In je in durƙusa bakin zaure in ce, "Malam, wata ta ce in tambaya." Ba a kama suna. Shi kuma ya amsa ba tare da ya ɗago kai ba, in koma in isar.

Akwai tambayar da na fi ɗauka fiye da kowace. Mace ce jini ya ɗauke mata shekara uku, shekara biyar, sai ga shi ya dawo. Ko kuma kwanakin al'adarta sun wuce amma bai tsaya ba. Amsar na haddace ta kamar sunana.

"Wanga ba haila ba ce, istihala ce. Ta yi wanka, ta yi ƙunzugu, ta ci gaba da sallarta da azuminta. In ta samu iko ta riƙa sabunta alwala kowace salla."

Amsa ce daidai, haka take a littattafan fiƙihu, ba ina ƙaryata mahaifina ba ne. Amma da kun ga fuskar matan in na isar. Sai mace ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe sallata ba ta ɓaci ba." Ta ɗauki takalmanta ta tafi gida hankali kwance. Tambayar salla ta kawo, an amsa mata, magana ta ƙare. Jinin kuwa yana nan yana zuba.

Sista ta gane wannan tun kafin a haife ni. In ka tambayi dattijuwa ko tana ganin jini, za ta ce maka lafiyarta lau, ta ja zanenta ta tashi. Amma alwala abin addini ce, ba ta jin nauyin maganarta, kuma ba ta yarda ta yi ƙarya a kanta. Ta wannan ƙofar Sista ke shiga.

Ni ban san haka ba sai a kan Gwaggo Yalwa.

Gwaggo Yalwa 'yar uwar Inna ce, a Adabka take aure, tana sayar da daddawa. In ta zo cin kasuwa a gidanmu take sauka. Mace ce mai barkwanci, haihuwarta goma sha ɗaya, takan ce ita ta gaji da kirga 'ya'ya sai dai su kirga kansu. Zuwan farko ta ja ni bayan rumbu ta ce in tambayar mata, in sun kwana da mai gidanta sai ta ga jini, mene ne hukuncin. Na kai, na kawo. Bayan kamar wata takwas ta sake zuwa. Wannan karon ba ta shiga ɗaki ba, bakin ƙofa ta zauna, ta sa aka ɗebo mata garwashi tana ta zuba turare. Ta ce yanzu ba jini kaɗai ba, har da wani ruwa mai wari. Ta ce ta sayi maganin sanyi wurin masu lasifika a kasuwa, jarka guda, tana sha. Ta ce in tambaya ko ruwan yana karya alwala. Na kai, na kawo.

Zuwa na uku ba da ƙafarta ta zo ba. A kan babur aka kawo ta tun daga Adabka, an ɗaure ta da zane a bayan ƙanenta don kada ta faɗi, a wannan hanyar da kowa ya san halinta. Ƙafarta ɗaya ta kumbura kamar turmi, bayanta ba ya barin ta miƙe, fitsari ba ya tsaya mata. Ni na raka ta asibiti. Ina tsaye riƙe da butarta lokacin da Sista ta gama duba ta.

Sista ta ce, "Yalwa, tun yaushe kinka hwara ganin jini?"

"Ya kai shekara biyu."

"Shekara biyu, ba ki hwaɗa ma kowa ba?"

Gwaggo ta ce, "Na hwaɗi mana. Na aika gidan Malam, anka ce in yi sallata."

Sista ta juyo ta dube ni. Ta je ta wanke hannu, ta daɗe tana wankewa.

An kai Gwaggo Sakkwato, suka ce abin ya riga ya bazu, sai dai maganin rage zafi. Aka dawo da ita Adabka. Ba ta ga girbi ba. Wurin zaman makoki mijinta Makau yana ta cewa kwana ne ya ƙare. Haka ne, kwana ya ƙare. Amma shi da yake kwana ɗaki ɗaya da ita shekara biyu, shi da ya koma shimfiɗa a waje saboda wari, bai taɓa cewa tashi mu je a duba ki ba. Lokacin da saniyarsa ta daina cin abinci kwana biyu kuwa, har Bukkuyum ya je ya ɗauko mai allurar dabbobi. Wannan a gaban mutane aka yi, ba ni na ƙirƙira ba.

Bayan sadakar bakwai Sista ta aiko in zo. Na tafi, na ɗauka zagi zan sha. Sai ta buɗe baƙar jakar nan ta fito da wani littafi mai kauri, bangonsa ya sha ɗinki. Ba na gwamnati ba ne, nata ne, ba wanda ya sa ta. Duk macen da ta taɓa samu da wannan ciwo a garuruwan da ta yi aiki tana ciki. Ta ja layuka da biro: shekarun mace, haihuwa nawa, tun yaushe take ganin jini, da kuma wanda ta fara faɗa wa.

Ta ce, "Kin yi boko. Karanta."

Na karanta. Yawancinsu tsakanin shekara arba'in da sittin. Haihuwa bakwai, tara, goma sha biyu. Jini wata goma, shekara ɗaya, shekara biyu da rabi. Layin ƙarshe, na wanda ta fara faɗa wa, shi ya fi tsaya mini a rai. Matar Malam. Malamar Islamiyya. Mai maganin sanyi. Matar Malam. Ba kowa. Matar Malam. Wadda ta rasu Sista kan ja mata jan biro a ƙasan suna. Akwai shafin da na duba sama da ƙasa ban ga suna ɗaya da ya tsira daga jan biron ba.

Ranar na fara jin sunan abin, sankarar bakin mahaifa. Ta ce wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda ake ɗauka ta hanyar kwanciyar aure, ta zauna shekaru a jikin mace ba zafi ba komai. Ta ce in an shafa ruwan khal a wurin aka haska, inda ya fara lalacewa yakan yi fari tun kafin ya zama ciwo, kuma a lokacin ana iya kashe shi cikin sauƙi. In jini ya fara fita, to an fara makara, amma da sauran dama. In aka jira zafi da wari da kumburin ƙafa, sai yadda Allah ya yi.

Ta ce, "Da shina zahi tun hwarko da ba mu mutu haka ba. Ba ya zahi. Shi ya sa kowa ke ganin shina da lokaci."

Na ce, "Sista, ni na kai mata amsar."

Ta ce, "Na sani. Ba kuka na kira ki ki yi mini ba. Ki nema mini iso wurin Malam."

Bayan la'asar ta zo, ɗalibai sun watse. Mace mai jikoki, ta cire takalmi ta durƙusa bakin zaure inda nake durƙusawa. Ina bayan ƙyaure ina ji.

"Allah gahwarta Malam, ba hwatawarka nika son ka sake ba. Daidai take. Roƙona guda. In ka gama ba da hukunci ka ƙara da cewa, kuma ta tahi asibiti a duba ta. Shi ke nan. In kai ka hwaɗi za su tahi, in ni na hwaɗi sai su ce Sista na neman aiki."

Malam ya ce, "Sista, abin da anka tambaye ni shi nika amsawa. Ni ba likita ba ne. In na hwara tura matan mutane a buɗe su a asibiti, gobe mazansu a ƙohwar nan za su tsaya. Kuma yawancin wanga jini ba komi ba ne."

"Gaskiya ne, ba duka ba ne. Amma daga zaure ba a gane wanda ba komi ba."

"To. Allah ya ba da lada. Za mu duba."

Duk ɗan garin nan ya san ma'anar za mu duba. Ta yi godiya, ta sa takalminta. Daga baya na ji ba mu kaɗai ba ne, zaure goma ta bi a shekarar, biyu suka yarda. A bayan idonta kuma ana ce mata mai leƙen tsofaffi. Wasu matan ma, mata 'yan uwanta, suna cewa ai wadda duk aka samu da wannan ciwo a bincika tarihinta. Wallahi in na tuna wannan magana sai in ji kamar in fasa wani abu. Gwaggo Yalwa ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai Makau. Mace ta mutu a wulaƙance, sannan a bi ta da ƙazafi.

Na ci gaba da kai tambaya ina kawo amsa. In na isar nakan ƙara da cewa Sista ta ce a je asibiti. Su ce, "Malam ya hwaɗi haka?" In ce a'a. Su ce to.

Sai abin ya shigo gidanmu.

Inna, sunanta Zaliha, shekararta arba'in da tara, jini ya ɗauke mata tun shekara biyar. Kafin azumin bara na fara ganin tsummoki a shanye bayan ɗakinta, an rufe su da tsohon zane. Ba nawa ba ne, kuma mu biyu ne mata a gidan. Na ga butarta ba ta hutawa. Na ga ta daina zama kan farar tabarma. Na ga in ta tashi daga zaune sai ta waiga ta dubi wurin.

Ni ce 'yar farinta. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni, sai dai ta ce ke, ko yarinyar nan. Ba ta haɗa ido da ni. Ko ciwon kai take yi ba ni za ta gaya wa ba. To ta ina zan fara tambayarta jini? Kullum in ce gobe. Wata bakwai ina cewa gobe, ni da na karanta littafin nan da idona. Cikin duk waɗanda nake jin haushi a rubutun nan, kaina ne a gaba.

Ranar da na iya zuwa wurin Sista, tsayawa na yi bakin ƙofa kamar an dasa ni. Ta dube ni ta ce, "Ke ko wata?"

Na ce, "Inna."

"Tun yaushe?"

Na faɗa. Ta ajiye abin da ke hannunta.

"Wata bakwai, Naja'atu. Kina kallo. Kunya ce ko? To in ta mutu sai ki ji kunyar gawa." Ban taɓa jin magana ta shige ni haka ba, kuma ban taɓa gode wa faɗa kamar wannan ba. Ta ɗauki jakarta a take.

Mun tarar da Inna tana tsince shinkafa a tsakar gida. Suka gaisa. Kafin Sista ta buɗe baki Inna ta riga ta.

"Sista, in tambayar alwala ce ki bar ta, na san ta. Ni matar Malam ce. Abin da ke gare ni na san hukuncinshi."

"Hukuncin salla kinka sani, Zaliha. Ni ba sallarki ta kawo ni ba, tsakaninki da Ubangijinki ce. Ki ba ni minti goma in duba ki."

"Shekara nawa ina hwaɗa ma mata su yi haƙuri su yi salla? Ni za a gani kwance a gadonki? Gobe gari ya ɗauka."

"Yalwa ma gari ya ɗauka. A kahwaɗa, zuwa maƙabarta."

Inna ta daina tsintar. Amma ta ce, "Ba ni hita sai da izinin Malam, kuma wagga magana ba ta zuwa kunnenshi."

"Ki bar ni ni in hwaɗa mishi."

"Ban yarda ba."

Sista ta miƙe. Na raka ta. A soro ta tsaya tana gyara jaka, ba ta dube ni ba ta ce, "Ta hana ni. Ni kuwa sirrin marar lahiya ba ni kai shi gaba, ko mi za ya hwaru. Shekara talatin da shi mata ke yarda da ni." Ta yi taku biyu ta ƙara da cewa, "Ke dai ban ji ta hana ki aikinki ba."

Bayan azahar na je na durƙusa bakin zaure. Malam na duba littafi.

"Malam, wata ta ce in tambaya. Shekararta arba'in da tara, jini ya ɗauke mata shekara biyar, yanzu wata bakwai tana gani."

Ya ba ni amsar, kalma bayan kalma, bai ɗago ba. Ban tashi ba. Ya juya shafi. Ban tashi ba.

"Da saura?"

Na ce, "Malam, a gidan nan take."

Ya rufe littafin a kan yatsansa. Sai na ji ya ce, "Wata nawa kinka ce?" Na maimaita. Ya tashi, ko takalmi bai sa ba, ya shiga cikin gida. Ina bin sa a baya.

"Zaliha, ɗauko mayahinki."

"Malam, ai na san hukuncin..."

"Ni na koya miki shi. Ɗauko mayahinki."

Da kansa ya raka ta, da rana tsaka, ta gaban masu shayi da masu faci, ya zauna kan bencin 'yan rakiya har aka gama.

Abin ya wuce na ruwan khal. Sista ta ce akwai tsiro a wurin, da an taɓa sai jini. Ta rubuta takarda zuwa babban asibiti a Sakkwato, kuma ba ta miƙa mana ta juya ba. Ta ce ta san mata, a tasha suke canza shawara. Ranar tafiyar ranar hutunta ce, amma da ita aka shiga mota. Ita ta san ƙofar da za a bi, ita ta tsaya aka yanki ɗan naman da za a gwada, ita ta fassara wa Inna abin da likita ke faɗa, ba ta rage ba ta ƙara ba. Sankara ce. Amma likita ya ce ba ta riga ta fita daga bakin mahaifa ba. Aka yi aiki aka cire mahaifar gaba ɗaya. A hanyar dawowa Sista ta gaya mini cikin duk littafin nan nata, mata huɗu kaɗai aka taɓa ce wa haka. Inna ce ta biyar.

Yanzu in na kai tambayar jini, Malam ba ya ba da hukunci sai ya fara da asibiti. Ya tara ɗalibansa manya ya ce duk wanda ya amsa wannan tambaya bai ce a je a duba ba, bai gama amsa ba. Maza biyu sun zo ƙofar zaure da faɗa kamar yadda ya yi tsoro, ya zaunar da su. Ina alfahari da shi. Amma zan faɗi abin da ban iya faɗa masa ba: sai da cutar ta taɓa gidanmu. Sista ta durƙusa a wurin nan shekara guda kafin haka da magana ɗaya, ba ta canza ko kalma ba. Cikin shekarar nan mata nawa na kai wa amsa suka tafi hankali kwance? Ina tuna fuskokinsu. Biyu daga ciki na ji labarinsu, kuma ba labari mai daɗi ba ne.

Sista Saudatu, ke ce kika ga abin da duk muke gani kika ƙi saba da shi. Ke ce kika durƙusa wa waɗanda kika girma, aka ce miki za mu duba, kika sa takalmi kika nufi zaure na gaba. An kira ki mai leƙen tsofaffi, da safe kika je kika zauna kusa da uwar wanda ya faɗa. Ta Lado, mai tocila, wadda ba ta kai sirri gaba. Ba ki da hoto a bangon kowane ofis. Ba a taɓa kiran ki rediyo ba.

Kuma ga abin da ya fi ci mini rai. Shekara da shekaru Sista tana roƙon a turo mata mace ɗaya ta koya mata wannan duba kafin ta tafi. Ta rubuta, ta je da ƙafarta, ta sake rubutawa. Har yau ba a turo ba. In an zo raba lambar yabo kuwa za ku ga manyan riguna sun cika rumfa, mutanen da ba su taɓa jin warin ɗakin da Gwaggo Yalwa ta kwanta ba. Ranar ɗaya ga wata kakanni za su zo su zauna ƙarshen benci su tashi, ba mai ce musu komai. Na tambaye ta wa za ta bar wa littafin. Ta ce tukuna, ba ta ga hannun ba. Na cike takardar makarantar koyon aikin lafiya, ban sani ba ko za su ɗauke ni, kuma ko sun ɗauka sai bayan shekaru. Kafin nan fa?

To ni dai ga roƙona, kuma ba da lallashi nake yi ba. Malamai da matan malamai da malaman Islamiyya daga nan har Anka, ku ne ake fara gaya wa, ba likita ba. Ku ba da hukunci, sannan ku ce ta je a duba ta. Ba zai rage muku komai ba. Maza, in kun iya jin wari har kuka ɗauke shimfiɗa, to kun iya ɗauko babur. Allurar rigakafin wannan ciwo da ake yi wa 'yan mata ƙanana, ku daina ɓoye 'ya'yanku a bayan ɗaki in an zo. Ku kuma 'yan uwana 'ya'yan fari masu kallo daga nesa, na fi ku kunya, ku tambayi duk wanda ya san ni. Wata bakwai kunyar nan ta ci mini. Kada ku ba ta ko sati.

Sista, na gode. Malam ya gode, ko da ba zai iya faɗa miki yadda yake faɗa a addu'a ba. Allah ya saka miki da abin da mu ba mu iya ba, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa a samu masu bin sawunki tun kina ganin su.

Shekaranjiya muka dawo daga Sakkwato, an sake duba Inna. Likita ya ce bai ga komai ba, a dawo bayan wata shida. Daga tasha Inna ta ce mu biya gidan Sista. Mun same ta tana ba awaki dusa. Inna ta tsaya daga bakin ƙofa, ta gyara mayafi.

"Sun ce ba komi. Na gode, Sista. Amma ki sani har yanzu ina jin haushinki."

Sista ba ta ko ajiye kwanon dusar ba.

"Yi ta ji, Zaliha. Shekara talatin nika so ki yi kina jin shi."